Jaka Biyu Iri Ɗaya

"Don Allah ka daina bina a baya kamar jela. Shiga layi ka ba su kaya, ni zan nemi wuri in ba ta nono."

"To, Malama."

"Kullum to, Malama. Ba ka da wata maganar da ta wuce wannan?"

Sai ya tsaya yana tunani, kuma da gaske tunanin yake yi, kafin ya ce, "Ki kula da ƙasan nan, yanzu aka goge shi. Akwai santsi."

Malama ta gyara riƙon jaririyar a kafaɗarta ta wuce, don in ta ƙara minti ɗaya a gabansa, mutanen filin jirgin nan za su sha kallo kyauta. Ita da take riƙe yara arba'in da biyu a aji uku ba tare da ta ɗaga murya ba, namiji ɗaya ya gagare ta. Kuma ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Da mugu ne da ta san abin da za ta faɗa wa mutane.

Gyaran janareta yake yi, kowa Injiniya yake ce masa, har ita. Shekararsu biyu da aure. Mutum ne da in inji ya yi tari daga bayan katanga zai gaya maka abin da ke damunsa, amma matarsa ta yi wata biyar tana cika tana batsewa a gabansa bai gane komai ba. Wata biyar ke nan da haihuwar 'yarsu, wadda suke kira Kyanwa saboda siririn kukan da ta zo duniya da shi, kuma a wata biyar ɗin nan Injiniya bai taɓa ɗaukarta ba. Ko sau ɗaya. Zai sayo famfas kwali guda, zai wanke kayanta ya shanya, sannan ya zo ya tsaya a bakin gado hannuwansa a baya yana leƙenta kamar kayan da aka rubuta kar a taɓa. Ya ma kwashe filonsa ya koma falo da kwana. Ita kuma Malama ta rantse a ranta ba za ta roƙi uba ya ɗauki 'yar cikinsa ba. In bai so, ya bari.

Shi a saninsa, hutun mako guda za su je wajen Ummanta, ranar Lahadi su dawo. Ita kuwa tuni ta gama shawara da Yayarta ta waya: ranar Lahadi shi kaɗai zai hau jirgin komawa.

Jaka biyu suka fito da su, iri ɗaya sak, masu ruwan toka. Shi ya sayo su a satin farko na aurensu, wai don duk wanda ya gan su ya san tare suke. A ɗaya ta zuba kayan Kyanwa: famfas, tishun goge jiki, riguna huɗu na canji, man shafawa, da 'yar robar tsotson da yarinyar ba ta barci sai da ita. Wannan ce za su shiga da ita cikin jirgi, don haka ta ɗaura mata jan ƙyalle a hannu yadda ba za ta ɓace mata ba. A ɗayar kuwa ta jera abin da ba ta so idonsa ya gani, ta lulluɓe da zane, da nufin ta tafi can ƙasan jirgi tare da babban akwatinsu, nesa da hannunsa. Ba ta yi masa bayanin ƙyallen ba. Sati uku ke nan ba ta yi masa bayanin komai.

Da ta dawo daga shayarwa an riga an auna kaya sun shige, ɗaya jakar na rataye a bayansa. Ta nuna wa ma'aikaciyar fuskarta da katinta, ta karɓi takardun shiga, ko inda yake ba ta kalla ba.

A wurin bincike aka fara kwance mata kai. Injiniya ya zuba makullai da waya da wata 'yar sukurdireba a tire, aka ƙwace sukurdirebar bai ce uffan ba. Sai mai binciken ya lalubo wani abu a aljihun wandonsa ya ɗaga sama: ƙatuwar kwalbar man shafawa, irin na mata, mai hoton fure a jiki.

"Yallaɓai, wannan ta wuce ƙa'ida. Ba a shiga da ita."

"Rabi ne fa ya rage a ciki."

"Kwalbar muke dubawa, ba abin da ke ciki ba."

"Ka taimaka, ɗan'uwa. Ina bukatarsa."

Mutumin da bai roƙi a bar masa kayan aikinsa ba, ga shi yana magiya a kan man mata. Da dai ya ga ba sarki sai Allah, sai ya buɗe murfin, ya kwaso mai cike da yatsu huɗu, ya tsaya a gaban layin jama'a yana murza shi a hannu a natse, har tsakanin yatsu. Wata mata a baya ta rufe baki da gyale tana dariya. Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Me ke damunka ne wai?" ta ce da shi ƙasa-ƙasa bayan sun wuce.

"Asara ce a bar shi duka."

Saura kwana bakwai, ta ce a ranta, kowa ya huta.

Jirgin da aka ce ƙarfe goma bai kira mutane ba sai sha ɗaya da rabi. A zaman jiran nan Kyanwa ta ɓata famfas ɗin jikinta, Malama ta canza mata da guda ɗayan da ta saba ajiyewa a ƙaramar jakar hannunta. Da aka shiga, Injiniya ya cusa jakar a ma'ajiyar sama ya rufe. Kujeru uku ne a jere: wata dattijuwa mai tabarau a jikin taga, Malama a tsakiya, shi a bakin hanya. A gabansu wani mai kwat ne, wanda tun da ya hango jaririya ya ɓata rai kamar an aiko masa da sammaci.

Ma'aikaciyar jirgin ta kawo wani ɗan ƙaramin bel, ta nuna yadda ake zura shi cikin na uwa a ɗaure jaririya a cinya. Injiniya ya sunkuyo yana duba ƙarfen maƙallin, ya ja shi sau biyu da ɗan yatsa, ya gyaɗa kai. Bel ɗin ya taɓa, yarinyar kuwa ko gefen rigarta bai shafa ba, kuma Malama ta lura.

Jirgi na ɗaga hanci sama Kyanwa ta buɗe baki. Duk wanda ya raɗa mata sunan nan, da ya ji ta a ranar da ya janye. Kuka take tun daga ƙasan cikinta, fuska ta yi jajir, ƙafafu na harbin iska. Malama ta ja mayafi ta rufe ta, ta ba ta nono, ta ƙi. Ta jijjiga, ta yi 'yar waƙa, ta hura mata iska a goshi, duk a banza. Robar tsotsonta take so, robar kuma na can sama, ga fitilar ɗaura bel a kunne ba halin tashi.

"Kunnenta ne," in ji Injiniya, idonsa a kan kujerar gaba.

"Yau kuma likita ka zama?"

Mai kwat ya waiwayo ya dube su, ya ja tsaki, ya juya. Bayan minti biyu ya sake waiwayowa, ko da tsakin farko bai iso ba.

"Bawan Allah," dattijuwar ta ce da shi, "in kana da makunnin kashe ta miƙo mana. In babu, ka bar wuyanka ya huta."

Fitilar na mutuwa Kyanwa ta yi tsit. Malama ta fara sauke ajiyar zuciya ke nan sai ta ji wani sauti daga ƙasa, dogo, wanda duk uwa ta san ma'anarsa, sannan ta ji ɗumi na bin cinyarta. Famfas ɗin bai riƙe ba. Abin ya bi bayan yarinyar har wuya, ya sauka a kan rigar Malama, sabuwar rigar da ta ɗinka don Umma ta gan ta fes ta san ba wahala ce ta koro ta ba. Wari ya tashi. Kuka ya dawo sabo.

"Sauko da jakar," ta ce. "Yi sauri. Famfas da tishu suna sama-sama."

Ya miƙe ya sauko da ita, ya ɗora a cinyarsa ya zuge. Ya ɗaga zanen da ke sama. Sai hannunsa ya tsaya.

A lokacin ne idon Malama ya kai kan hannun jakar. Babu jan ƙyalle.

"Ina mai ƙyallen?"

"Na ba su."

"Ka ba su wa?"

"Masu awo. Na tambaya a wurin aiki, an ce wadda za ta shiga ƙasan jirgi ita ake ɗaura wa alama, don a gane ta in ta fito. Da na ga kin ɗaura, na ce ashe kin sani. Kuma ta fi nauyi."

"Kayan yarinyar ne a ciki. Duka. Famfas ɗinta na ƙarƙashin ƙafafunmu yanzu haka, Injiniya, tare da akwatunan mutane."

Ba ita yake kallo ba, idonsa na cikin jakar. A saman kayan hoton marigayi babanta ne, cikin firam ɗinsa, wanda tun ranar da ta tare yake rataye a bangon ɗakinsu, shi da kansa ya buga masa ƙusa. Ƙarƙashinsa takardun makarantarta ne, da katin asibitin Kyanwa, da takardar haihuwarta, da ɗan akwatin 'yan kunnenta. Sai wata farar takarda cikin leda mai kauri, wadda rubutun samanta kaɗai ya isa: neman canjin wurin aiki zuwa garin Ummanta, da sa hannunta a ƙasa.

"Hoton Baba ne," ya ce a hankali.

"Na san hoton ubana."

"Ba a zuwa hutun sati ɗaya da shi."

Malama ta sunkuyar da kai. Ta yi wata guda tana tsara yadda za ta gaya masa, a falon Umma, a zaune, cikin mutunci, Yaya na gefe. Ba a sararin sama ba, da kashin jariri a cinya.

"Ba za ki dawo ba ke nan."

"Ba yanzu ne lokacin maganar nan ba. Tashi in wuce. Kai, ba zan iya kwance bel ɗin nan da ita a hannu ba... ungo, riƙe ta."

Maganar ta fita ne kafin ta tuna da rantsuwarta. Ta ɗaga yarinyar ta miƙa masa. Injiniya ya dubi 'yarsa, ya dubi matarsa, sai ya mayar da hannuwansa biyu ya cusa su ƙarƙashin cinyoyinsa.

Malama ta ƙura masa ido. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowace kalma sai da ta fito da zafinta.

"Ka gani? Ga amsar tambayarka nan. Wata biyar ina jira in ga ranar da za ka miƙo hannu. Mai gadin gidanmu ya ɗauke ta, mai kawo ruwa ya ɗauke ta, ubanta ne kawai ke ƙyamarta. In ba ka son ta ka faɗa, in ni ce ba ka so ka faɗa. Na gaji da zama da baƙo a gida."

"Ke kika hana ni."

"Ni?"

"A asibiti. Kwananta biyu. Na taso daga aiki kai tsaye, na ɗauke ta, kaushin babban yatsana ya karce ta a nan." Ya nuna gefen kuncinsa da kafaɗa, don har yanzu hannuwan na ɓoye. "Har jini ya ɗan fito. Kika ce kar in sake taɓa miki ita da wannan hannun sai ranar da ya zama irin na mutane."

Malama ta buɗe baki za ta ƙaryata, sai abin ya dawo mata dishi-dishi: farin labule, ciwon ɗinki, kwana biyu ba barci, wani ɗan jan layi a kuncin jaririya wanda ya ɓace kafin a sallame su.

"A ranar ko sunana aka tambaye ni ban sani ba. Nas ɗin ma na zage ta, washegari ta zo muka gaisa."

"Ni ban ji kin janye ba."

"Wata biyar, Injiniya."

"Ina shafa mai. Safe da rana da yamma. Kwalba ta shida ce suka karɓe ɗazu. A wurin aiki safar hannu nake sawa, har suna ce min amarya. Falon ma don warin man dizal ne, ko na yi wanka yana jikina, na ji nas ta ce ƙamshi mai ƙarfi ba ya yi wa jarirai kyau." Ya ɗago ya dube ta. "Jira nake ki duba ki ce ya yi. Ke ce Malama."

Ta rasa abin da za ta yi, ta rufe shi da duka ko ta fashe da kuka. Haushi take ji kamar ta mutu, haushinsa da haushin kanta, ga kuma wani tausayi da ya zo ba ta gayyace shi ba. Duk daren da ta kwana tana cewa ba ya ƙaunarsu, ashe yana falo yana murza man mata a hannu.

"Kuma bakinka ciwo yake da ba za ka tambaya ba?"

"Naki ma ai..." Ya fasa ƙarasawa, wanda shi ne abu mafi hankali da ya yi tun safe.

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge da bakin gyalenta. "Ni dai shekarata arba'in da aure ban taɓa ganin wauta biyu da suka dace da juna irin taku ba. Kawo hannun nan in gani, ɗana."

Ya zaro ɗaya ya miƙa ta gaban Malama kamar ɗalibin da za a duba wa farce. Tsohuwar ta juya shi, ta shafa tafin.

"Wannan ai ya fi nawa laushi. Karɓi 'yarka kafin warin nan ya sa direba ya sauke mu a hanya."

Bai motsa ba. Matarsa yake kallo. Sai da Malama ta kama hannun da kanta. Rabon da ta riƙe shi har ta manta. Tabon ƙuna na nan, da na yanka, amma kaushin nan da ta sani tun suna zance babu shi, sai santsi da ƙamshin fure.

"Ya yi," ta ce. "Ka ci jarrabawa. Karɓe ta, don girman Allah."

Ya karɓe ta yadda ake karɓar kwano cike da mai, kashi da komai, ya manna ta a ƙirjin farar rigarsa. Malama ta so ta ce ya kula da rigar, ta fasa.

Ma'aikaciyar jirgin ta ba su haƙuri, ba su da famfas, kuma duk jirgin babu wani jariri sai tasu. Tishu dai ta kawo musu dami guda da ledar zuba ƙazanta. Banɗakin kuwa mutum ɗaya ma da dabara yake juyawa a ciki. Malama ta sauko da ɗan allon da ke jikin bango ta shimfiɗa zanen da ta lulluɓe kayanta da shi, Injiniya ya tsaya rabi a ciki rabi a waje, ƙofa na dukan bayansa, yana tallafe da kan yarinyar. Famfon sai an danna yake kawo ruwa, ruwan kuma na ɗauke wa kafin a wanke yatsa biyu. Jirgin ya zaɓi daidai lokacin ya yi 'yar girgiza, goshinsu ya gwaru.

"Matsa mana."

"Ina zan matsa, Malama? Waje?"

Aka wanke Kyanwa tas, sai aka tsaya kallon-kallo, don babu abin da za a sa mata. Injiniya ya dubi yarinyar daga sama zuwa ƙasa irin duban da yake yi wa injin da ba a samun kayan gyaransa a kasuwa.

"Riƙe ta minti ɗaya."

Ya cire riga a wannan matsatsin, gwiwar hannunsa na bugun rufi, ya tuɓe singiletinsa, ya mayar da rigar. Ya ninke singiletin gida uku, ya jera tishu a tsakiya.

"Saura abin da zai hana yoyo. Leda mai kauri nake so."

Su biyun suka san inda take. Malama ta fita, ta dawo da takardar neman canjin aikin, ta zare ta daga ledarta ta miƙa masa ledar. Ya farke ta da haƙori, ya naɗe a bayan singiletin, ya ɗaure gefe da gefe da igiyar hular Kyanwa, ya zura yatsa ya tabbatar bai matse cikin ba. Takardar kuwa da ta rasa inda za ta ajiye, shi ya karɓa, ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Suka dawo kujera, uwa da jiƙaƙƙiyar riga, uba da taswira a ƙirji, 'ya cikin singileti da mayafin uwarta. Malama ta miƙa hannu za ta karɓe ta, sai ta ga bai ma lura ba. Ya kwantar da ita a ƙirjinsa, tafinsa ɗaya ya rufe bayanta gaba ɗaya, yana wani gunji ƙasa-ƙasa a maƙoshi, daidai da ƙugin injin jirgin. Kyanwa ta ɗago ta ƙura wa gemunsa ido, ta kama shi da hannu biyu ta ja. Hawaye ya taru a idonsa, kuma Malama ta san ba zafin jan gemun ba ne.

Da aka sanar za a fara sauka, dole yarinyar ta koma cinyar uwarta a ɗaura mata bel. Ba a jima ba ta fara wani ƙunƙuni.

"Ba ta nono yanzu, kafin ya yi ƙarfi," in ji shi. "Na kunnen ne ke dawowa. In tana haɗiya zai buɗe."

"Ya aka yi ka san ba yunwa ba ce, ko barci?"

"Na yunwa gajere ne, tana yi tana tsayawa. Na barci yana da ja a ƙarshe. Na ciwon ciki daga sama yake farawa. Wannan daban ne, yau na fara jin sa." Ya sosa ƙeya. "Bangon falon ba shi da kauri."

Ta ba ta, ta kama. Har tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa ba wanda ya ji bakin Kyanwa. Mai kwat ma da zai fita sai da ya tsaya ya sauko musu da jakar, yana kallon wani wuri daban.

A wurin karɓar kaya suka tsaya gefe da gefe, yarinyar ta koma ƙirjin ubanta tana barci. Babban akwatinsu ya fito, can sai ga mai jan ƙyalle tana tahowa a kan bel, a natse, kamar ba ita ta haɗa duk wannan ba. Malama ta sauke ta. Ta bayan gilashi tana hango Yaya na ɗaga hannu, fuskarta a ɗaure, irin ta wadda ta zo karɓar ƙanwa daga hannun azzalumi.

Injiniya ya lalubi aljihunsa da hannu ɗaya ya zaro takardar.

"Ga ta. Ba ta jiƙe ba."

Malama ta dube shi, ta dubi takardar. Wallahi mutumin nan sai ya kashe ta da hawan jini.

"Shi ke nan abin da za ka ce? Ga ta, ba ta jiƙe ba? Ko ka ce kar in tafi ba za ka iya ba?"

"Kar ki tafi."

"Sai da na roƙa."

"Tun muna sama nake faɗa, a ciki." Ya sunkuyar da kai kan gashin 'yarsa. "Kar ki tafi, Malamata. In kuka tafi ban san me zan riƙa saurara ba a gidan nan."

Kafin ta samu abin cewa Kyanwa ta motsa, ta yi gyatsa, ta dawo da rabin nonon da ta sha a kafaɗar ubanta. Tishu ya ƙare tun a sama, na cikin jaka kuma sai an tsuguna an zuge. Malama ta karɓi takardar daga hannunsa, ta dunƙule ta, ta goge masa kafaɗa da ita. Takarda ba ta iya shan ruwa ba, sai ma ta ƙara baza abin, amma ta goge har sau uku kafin ta jefa ta a kwandon shara.

Suna fitowa Yaya ta taho da sauri, ko gaisuwar kirki ba ta amsa masa ba, ta miƙa hannu. "Kawo ta nan. Me kuka sa mata haka kamar ƙunshin kaya?"

Injiniya ya ja da baya taku ɗaya. "Yi haƙuri, Yaya, ba ta gama barcin ba. In an canza hannu za ta farka."

Yaya ta saki baki, ta juyo tana tambayar ƙanwarta da ido. Malama ta kauda kai, ta rataya jaka ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta tura akwatin da gwiwa.

"Ranar Lahadi in za mu koma," ta ce wa mijinta, "ni zan kai kaya awo. Kai ka riƙe 'yarka kawai, kar ka taɓa min komai."

"To, Malama."